Mai Riƙe da Ragamar Wasa: Darasin Jidda ga Matasan Makka

Daga Makka zuwa Jidda tafiyar kimanin awa guda ce a mota, a jirgin ƙasa na Haramaini kuwa ba ta kai haka ba. Don haka da aka kawo gasar ƙwallon kwando ta nahiyar Asiya birnin Jidda a watan Agustan 2025, tamkar a ƙofar gidan mutanen Makka aka yi ta. Duk da cewa ƙwallon ƙafa ce ta mamaye zukatan matasan garin, musamman jikokin Hausawa irin su Usama Hausawi, wanda ya taso a kulob ɗin Al-Wahda har ya zama kyaftin ɗin Saudiyya a gasar duniya ta 2018, shi wannan kulob yana da ƙungiyar ƙwallon kwando, kuma yaron da ke atisaye a can ya samu abin koyo a wasan da ya fitar da ƙasarsa daga gasar.

Saudiyya ce da Filifin, ana neman gurbin zagayen ƙungiyoyi takwas. Saura 'yan daƙiƙoƙi a tashi, masu masaukin baƙi na gaba da maki uku. Sai Justin Brownlee na Filifin ya cilla ƙwallo daga bayan layin maki uku, ta faɗa raga. Aka yi kunnen doki, aka ƙara lokaci, Filifin ta yi nasara da 95 da 88.

Irin wannan lokaci shi ne jarrabawar ɗan wasan da ake kira lamba ɗaya, wanda Larabawa ke ce wa sani'ul al'ab, wato mai tsara wasa. Shi da lamba biyu, gwanin jifa daga nesa, su ne 'yan bayan ƙungiya, kuma galibi su ne gajeru a cikin mutum biyar. Masu horarwa sun daɗe suna jayayya kan abin da ya dace idan ana gaba da maki uku ga lokaci ya ƙure. Wasu na ganin gara a yi wa abokin karawa keta da gangan kafin ya ɗaga hannu, a ba shi jifa biyu kacal daga layi. Wasu na ganin a tsaya a tsare kawai. Kowanne koci ya zaɓa, lamba ɗaya ne zai isar da saƙon ga 'yan uwansa a cikin hayaniyar da ba a jin muryar kowa.

Shi ya sa abin da ake fara koya masa shi ne ɗaga kai. Yaron da ke kallon ƙwallo yayin da yake buga ta a ƙasa ba zai ga dogon da ya ɓalle zuwa ƙarƙashin kwando ba, ba zai ga agogo ba. Ga shi kuwa agogo ba ya jira: daƙiƙa 8 ake ba ƙungiya ta tsallake rabin fili, daƙiƙa 24 ta yi jifa, kuma wanda aka matsa wa yana riƙe da ƙwallo ba ya wuce daƙiƙa 5. Maganin shi ne atisaye da ƙwallo biyu lokaci guda, ido na kallon gaba, da kuma wahalar da hannun hagu har ya daina zama baƙo. Mai tsaro mai wayo minti biyu ya ishe shi ya gane ɗan wasa mai hannu ɗaya, daga nan kuma can ɓangaren da bai iya ba zai riƙa kora shi.

Sai dabarar shinge, wadda yawancin hare-haren wasan zamani ke tashi daga gare ta. Dogon ɗan wasa zai zo ya tsaya cak a hanyar mai tsaro, lamba ɗaya ya bi ta gefensa kafaɗa da kafaɗa. Kuskuren yara a nan gaggawa ne, sukan zabura tun kafin dogon ya kafa ƙafafunsa, alƙalin wasa ya busa. Wanda ya ƙware yana jira, sannan ya karanta mai tsaron: in ya bi ta bayan shingen, an ba shi sarari, sai ya yi jifa, in mutum biyu suka yo kansa, to akwai ɗan uwansa da aka bari babu kowa, sai ya nemo shi. John Stockton na Utah Jazz, mai tsawon mita 1.85, wanda ya shahara da wannan dabara shi da abokin wasansa Karl Malone, ya tara fasin 15,806 da suka zama maki, adadin da har yau ba a kamo ba a gasar Amurka.

Tsawo dai ba sharaɗi ba ne a wannan gurbi. Muggsy Bogues mita 1.60 ne, ya kuma yi kaka 14 a wannan gasar, yana hana dogaye sakat da saurin hannu da durƙushewa wajen tsaro. Wannan ɓangare na tsaro shi ne matasa ba sa so, don ba a tafa wa mutum a kansa, alhali koci ya fi saurin zaunar da wanda ake wucewa kamar ƙofa a buɗe fiye da wanda ya zubar da jifa.

Jifan nesa kuwa ya zama dole tun da ɗan wasan Amurka Stephen Curry ya sauya lissafin wasan. 'Yan Najeriya sun ga amfaninsa a Yulin 2021 a Las Vegas, lokacin da 'yan wasansu na D'Tigers suka doke Amurka da 90 da 87 bayan sun jefa ƙwallo 20 daga bayan layi, Gabe Vincent, wanda ɗan baya ne, ya ci maki 21. Ita ma Saudiyya ta san darajar gurbin, domin Muhammad-Ali Abdur-Rahkman da ta dogara da shi a Jidda haifaffen Amurka ne, tsohon ɗan wasan Jami'ar Michigan da aka ba takardar zama ɗan ƙasa. Dokar hukumar ƙwallon kwando ta duniya FIBA ɗan wasa ɗaya tak irin wannan ta yarda ƙasa ta sa a tawagarta, sauran 'yan bayan kuwa galibi ana rainon su ne a kulob-kulob irin su Al-Wahda ta Makka, Uhud ta Madina da Al-Ittihad ta Jidda.