Kin Rubuta Labari, To Wa Zai Buga Miki?

A ɗakinmu na hostel akwai wata ƙawata da ke rubuta labari a waya, da babban yatsa, bayan kowa ya yi barci. Tana saka shi shafi-shafi a guruf ɗin WhatsApp, masu karatu su biya ɗari biyar. Zangon karatun da ya wuce sai ga littafin nata yana yawo kyauta, an cire sunanta an manna na wani guruf. Ta yi kuka har ta gaji. Tun ranar nake tambayar kaina: bayan mace ta gama rubutu, wa ke tsaya mata?

Da yawanmu mun ɗauka buga littafi shi ne ka kai wa mai injin ɗab'i ka biya. Wannan ai ɗan guntun aikin ne. Kafin inji akwai edita, wanda zai karanta ya ce babi na uku ya yi tsawo, ko tauraruwar ta canja hali ba dalili. Akwai mai tsara shafuka da bango. Bayan inji kuma sai babban aikin, wato kai littafin shaguna da makarantu, da tallata shi, da bin kuɗin marubuciya. A wannan gaɓar ta ƙarshe ne mata baƙar fata suka daɗe suna shan kashi, a nan da ƙasashen waje.

Ku ɗauki Flora Nwapa, 'yar garin Oguta da ke jihar Imo ta yanzu. A 1966 kamfanin Heinemann na Landan ya buga littafinta Efuru a jerin littattafan marubutan Afirka, wanda Chinua Achebe ke wa aikin edita. Ba ƙaramin abu ba ne a lokacin, don kusan duk sunayen jerin na maza ne. Ta sake fitar da Idu a 1970. Amma ba ta gamsu da yadda ake tallata littattafanta da rarraba su ba. Maimakon ta zauna tana ƙorafi, sai ta buɗe nata kamfanin, Tana Press, a Inugu cikin shekarun 1970, ta riƙa buga nata littattafan, irin su One Is Enough na 1981, da na yara. Ni abin da ya fi burge ni shi ne ta gane cewa mai riƙe da hanyar kasuwa shi ke zaɓen labarin da duniya za ta ji.

A Amurka ma haka aka yi. A 1980 Barbara Smith da Audre Lorde da wasu mata suka kafa Kitchen Table, wato teburin kicin, don buga rubutun matan da manyan kamfanoni ba sa kallo. Sunan kansa ya ishe ka bayani. A Ingila kuwa, Margaret Busby, haifaffiyar Ghana, ta tattara rubutun mata sama da 200 masu tushen Afirka a kundi ɗaya, Daughters of Africa, a 1992.

Kada wani ya ce wannan labarin Turanci ne kawai. Hafsat Abdulwaheed ta samu an buga mata So Aljannar Duniya a 1980 ta hanyar gasar da kamfanin NNPC na Zariya ya shirya. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, kamfanoni suka ja baya, sai mata irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa suka shiga buga nasu da kuɗinsu, 'yan kasuwar Kano na sayarwa. Wasu malamai suka laƙaba masa "adabin kasuwar Kano", da ɗan raini a ciki. Duk da haka Alhaki Kwikwiyo na Balaraba ya kai ga fassarar Turanci, wani kamfani a Indiya ya buga a 2012. Sai dai a faɗi gaskiya, rashin edita ya cuci da yawa daga cikin littattafan nan: labari mai daɗi, rubutu duk kure. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016, ta mata zalla, ta buɗe wata ƙofar, amma gajeren labari ne, sau ɗaya a shekara.

To mu fa? Muna da masu karanta aikin jarida, da masu iya zane a kwamfuta, da 'yan kasuwanci da ke neman abin yin furojet. Duk ma'aikatan kamfanin ɗab'i ke nan, suna zaune a aji daban-daban ba su san juna ba. Ina roƙon shugabannin ƙungiya su ware shafi biyu a kowace fitowar mujallar nan don gajeren labarin ɗaliba, da sunanta a sama, a gyara shi tare da ita, a kuma ba ta ko na kati ne. Ku kuma da ke tura littafin mutane kyauta a guruf, ku ji tsoron Allah, ɗari biyar ɗin nan ita ce kuɗin handawut ɗin wata.

Ƙawata dai ta fara sabon labari. Na karɓi aikin gyaran, mun kai babi na huɗu, kuma mun riga mun yi faɗa sau biyu a kan waƙafi.