Auren magarya

Yau zancen auren magarya za mu yi.

Kowa ya san magarya. Da kanta take fitowa cikin gona da bakin hanya, daga Damagaram har Tawa. Ba mai ba ta ruwa. Saiwarta tana nutsawa ƙasa ƙwarai, shi ya sa take jure fari. Amma ɗiyanta ƙanana ne, ƙwallo ya fi nama. Yara su tsotsa, mata su daka su yi akuri.

Akwai wata magarya ta ƙasar Indiya. Ɗiyanta sun kai ƙwan tantabara, wasu ma sun fi. Ɗanye ake cin su. A shekarun 2000 tashar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta yaɗa ta cikin Nijar da sunan tuffar Sahel. Ɗaya daga cikin irinta ana ce masa Gola.

To, don me ba za a shuka ƙwallonta kawai ba? Don iccen da ya fito daga ƙwallo ba lalle ya gado uwarsa ba. Ka yi wahalar shekaru, ka samu ƙananan ɗiya. Maganin wannan shi ne aure: gindi namu, reshe na baƙuwa. Gindi ya nemo ruwa, reshe ya ba da ɗiya.

Ga yadda ake yi. Ka nemi ƙaramar magarya mai lafiya, mai kaurin alƙalami. In tsohuwa ce, ka sare ta, ka jira ta yi toho, ka zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi. Ka samo reshen Gola mai irin wannan kauri, mai ido 3 ko 4, ka cire ganyensa. Da wuƙa mai kaifi, mai tsabta, ka yanke kan gindin, ka tsaga shi kamar santimita 3. Ka feƙe gindin reshen gefe biyu, ka soka shi cikin tsagar.

Nan ne aikin yake, ku saurara da kyau. Ƙarƙashin ɓawo akwai wata fata siririya mai damshi. Ita ce ke haɗa icce da icce. Dole ɓawon reshe ya dace da ɓawon gindi, ko da gefe ɗaya ne. In ba su dace ba, reshe zai bushe, ko da ka iya ɗauri. Kada ka taɓa wurin yankan da yatsa. Ka ɗaure da leda tamau, don kada iska da ruwa su shiga. Da safe ko da marece ake wannan aiki, ba da tsakar rana ba.

Bayan mako 2 ko 3 za ka ga ido ya tsiro. In wurin ya haɗe sosai, ka kwance leda, kada ta shaƙe iccen.

Saura abu biyu da ke ɓata wa mutane aiki. Na farko awaki. Akuya tana son ganyen magarya, sai ka yi shinge da ƙaya. Na biyu shi ne gindin kansa. Zai riƙa fitar da nasa toho ƙasan wurin aure. A ganina wannan ya fi akuya ɓarna, don mutum yana ganin ganye kore ya yi murna, alhali tohon yana shanye abincin reshe. Duk mako ka duba. Abin da ya fito ƙasan ɗauri, ka cire shi tun yana ƙarami.