Abubuwan da ya kamata ku sani kafin ku yi wa ofishinku rajistar LLP

Lauyoyi biyu ko akantoci uku sukan haɗa ƙarfi su kama ofishi, su yi rajistar sunan kasuwanci kawai. A wannan tsari, idan ɗaya ya jawo wa ofis bashi ko diyya, ana iya bin gida da motar sauran. Dokar kamfanoni ta CAMA, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 7 ga Agusta, 2020, ta kawo wa Najeriya baki ɗaya wata hanya: haɗin gwiwa mai iyakantaccen alhaki, wato LLP. Kafin nan, a dokar jihar Legas ake samun sa.

Me yake karewa?

A idon doka, LLP mutum ne mai zaman kansa. Yana mallakar dukiya da sunansa, ya kai ƙara, a kai shi ƙara, kuma mutuwar abokin tarayya ko ficewarsa ba ta rushe shi. Bashin ofis daga dukiyar ofis ake biya.

Sai dai a kula da kyau a nan. Misali a ofishin masu zanen gini, idan abokinka ya zana gini da ganganci har ya rufta, aljihunka ya tsira, nasa bai tsira ba. In kai ne ka yi sakacin, kai za ka amsa. Idan kuwa aka tabbatar an yi harka da nufin damfara, kariyar ta faɗi ga duk mai hannu a ciki.

Sharuɗɗan rajista

Hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ce ke yi, ta intanet. Ana fara keɓe suna, kuma dole ya ƙare da LLP ko cikakken rubutunsa. Ana buƙatar abokan tarayya aƙalla biyu, da mutum biyu daga cikinsu da aka ɗora wa nauyin bin ƙa'idojin hukuma, ɗayansu mazaunin Najeriya. Masu aikin ƙwararru su tanadi takardar shaidar ƙwarewarsu. Lauya kuma ya tuna ƙa'idar aikinsa ta hana shi tarayya a aikin lauya da wanda ba lauya ba.

Yarjejeniya

Nan ne na fi ji wa mutanenmu tsoro. Abokai ne tun jami'a, ko wa da ƙane, sai kunya ta hana maganar kuɗi: "Haba, ai tsakaninmu babu haka." To, idan ba ku rubuta komai ba, doka ta riga ta rubuta muku: riba da asara a raba daidai, ko da wani ya zuba miliyan goma wani miliyan ɗaya. Ku zauna tun ana ga maciji ku rubuta kason kowa, wa ke sa hannu a banki, yadda ake fita, da abin da magada za su samu idan ta Allah ta kasance. Rubutu ba ya rage amana, gobe yake kare iyalan da ba sa wurin lokacin da kuka yi alkawari.

Bayan an karɓi satifiket

Ana miƙa rahoton shekara cikin kwana 60 da rufe shekarar kuɗi, ana kuma sanar da CAC duk sauyin abokin tarayya cikin kwana 30. Idan mutum ɗaya ya rage, ya ci gaba da aiki fiye da wata shida yana sane, bashin da aka ci bayan haka a wuyansa yake.