Zauren Aikin Masana Kimiyya Cikin Kwamfuta: Amfaninsa Da Iyakarsa

A zamanin da, masanin kimiyyar da ke son na'ura mai ƙwaƙwalwa ta yi masa lissafi yakan rubuta umarninsa da harshen FORTRAN, wanda kamfanin IBM ya fitar cikin 1957. Ana huda kowane layi a kan kati guda mai gurbi 80, sa'an nan ya miƙa damin katunan ga ma'aikatan na'ura, ya koma ya jira, wani sa'i har a kwana. In ya kuskure harafi ɗaya, na'ura ta ƙi aikin, sai a sake lale.

Yau wannan wahala ta kau, domin an tattara kayan aikin duka a manhaja guda, watau haɗaɗɗen zauren aiki, wanda Turawa ke taƙaita sunansa da IDE. Alal misali akwai Spyder, wanda wani Bafaranshe, Pierre Raybaut, ya ƙirƙiro cikin 2009 don masu aiki da harshen Python, kuma kyauta ake samunsa. Fuskarsa a rarrabe take: gefe guda ana rubuta umarni, gefe guda ana gwada shi nan take, ga kuma wurin da ke nuna alƙaluman da na'ura ke riƙe da su. In aka manta baka ko waƙafi, sai alama ta fito a bakin layin tun kafin a tayar da aikin. Mai shi yana kuma iya tsayar da lissafi a tsakiya, ya bi shi layi-layi har ya kama inda ɓarnar take.

Amma fa zauren kuskuren rubutu yake gani, ba ya ganin kuskuren tunani. Cikin watan Satumba 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbonta Mars Climate Orbiter, saboda wata manhaja tana ba da ƙarfin turi da ma'aunin fam, wadda ke karɓa kuwa tana ɗaukarsa da ma'aunin niyuton, alhali fam ɗaya niyuton 4.45 ne. Na'urori sun yi aikinsu ba gardama, kumbon kuwa ya kusanci duniyar Mars fiye da kima, ya salwanta.

Saboda haka ya kamata ɗalibi ko ma'aikacin da aka danƙa wa lissafin hukuma ya riƙa rubuta ma'auni kusa da kowane adadi, ya kuma fara gwada manhajarsa da lissafin da ya riga ya san amsarsa da hannu, kafin ya sa hannu a rahoto.