Jan Ƙarfe da Mayar da Iskar Gas ta Zama Ruwa

Tun bayan da aka gano man fetur a Oloibiri a 1956, ana ƙone iskar gas da ke fitowa tare da shi. Gwamnatin Tarayya ta kafa doka a 1979 wadda ta hana wannan ƙonawa daga 1984, amma har yau wutar ba ta mutu ba. Dalili kuwa shi ne iska tana da wuyar ɗauka. Mafi yawan gas ɗin iskar metan ce, wadda ba ta zama ruwa sai an sanyaya ta zuwa digiri 162 ƙasa da sifiri. In ba haka ba, sai a shimfiɗa bututu, irin na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, ya kuma ratsa Jihar Neja. Bututu kuwa ba ya bin kowane ƙauye.

To, akwai wata hanya, watau a mayar da metan ya zama metanol. Shi metanol ruwa ne. Tankar mota za ta iya kai shi kasuwar Garatu, a kan hanyar Minna zuwa Bida, kamar yadda ake kai kananzir. Ana yin girki da shi, ana kuma haɗa fenti da roba da shi. Sai dai guba ne: shansa yana makantarwa, yana kuma kisa, kamar yadda ya faru a Ode-Irele ta Jihar Ondo a 2015.

Masana'antu suna yinsa ne hawa biyu. Da fari a gasa metan da tururi a zafin da ya haura digiri 800, sa'an nan a bi da abin da ya fito ta kan sinadarin da ke gaggauta haɗuwa, mai ɗauke da jan ƙarfe. Wannan aiki yana cin kuɗi ƙwarai, ba ya biya sai a babbar masana'anta.

Abin mamaki, wasu ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa suna yin wannan juyi kai tsaye, ba tare da wuta ba, da taimakon jan ƙarfen da ke jikinsu. Su masana suke ƙoƙarin kwaikwaya. A 2005, masu bincike a Jami'ar Leuven ta Beljiyam suka dasa jan ƙarfe cikin ziyolait, wani ma'adini mai ƙananan ƙofofi kamar saƙar zuma, suka nuna cewa yana juya metan a zafin da bai wuce digiri 200 ba. A 2017 wasu a Suwizalan suka yi haka da ruwa a madadin iskar oksijin.

Cikas ɗin shi ne, metanol ya fi metan saurin ƙonewa. Da zarar ya samu, sinadarin da ya yi shi yakan ci gaba da cinsa, sai an yi hanzarin raba su. Saboda haka abin da ake samu kaɗan ne ainun, kuma har yanzu dabarar ba ta fita daga ɗakin gwaji zuwa kasuwa ba.