Inda 'Ya'yan Kifi Ke Zama

Duk wanda ya taɓa zuwa su a Gulbin Zamfara, wajen Gummi ko Bukkuyum, ya san manyan kifaye a gurbi mai zurfi suke zama. To, amma 'ya'yansu fa? Da wuya a same su nan, gama ruwan tsakiyar gulbi yana da ƙarfi, giwan ruwa da tsage kuma ba su ƙi su haɗiye su ba.

Idan damina ta kankama, wajen Yuli da Agusta, sai gulbi ya cika ya malala cikin fadama. Sa'an nan ne tarwaɗa kan bar gurbi, ta bi sabon ruwa da dare har cikin ciyawa, inda ruwa bai kai gwiwa ba, ta zuba ƙwai dubbai. Ƙwan kan manne wa ciyawa, cikin kwana 2 ya ƙyanƙyashe. Ɗan da ya fito bai kai ƙwayar shinkafa ba, amma yana ɗauke da guzurinsa, watau 'yar gwaiduwa a ƙarƙashin ciki. Bayan kwana 3 ko 4 guzuri ya ƙare, sai ya shiga cin ƙananan halittun ruwa, waɗanda suka fi yawa a ruwa mai ɗumi marar zurfi. Karfasa kuwa a baki take riƙe ƙwanta har ya ƙyanƙyashe, kana ta saki 'ya'yan a gefe.

Da kaka ruwa ya fara janyewa, sai su bi shi su koma gulbi. Waɗanda suka makara cikin kududdufi, rabon zalɓe ne. Abin takaici, waɗansu masunta kan tare hanyar da gidan sauro, su kwashe kifin baɗi tun bai cika baki ba.

Ruwan da ya sauka a Gwashi, in aka bi shi, sai ya kai mutum Kwara, Kwara kuwa ta kai shi teku. Can yawancin kifaye ƙwansu bisa ruwa yake yawo, igiyar ruwa ta kwashi 'ya'yan ta yi ta gararamba da su. Masu sauran kwana su ne kan isa gaɓa. Waɗansu su fake cikin saiwoyin itatuwan da ke tsira a laka mai gishiri, waɗansu su taru a bakin kogi, inda ruwan daɗi ya gamu da na gishiri.