Motsa jiki ga masu gazawar zuciya: Me gwajin jini ke iya nunawa?

A shekarun baya, idan zuciyar mutum ta kasa harba jini gwargwadon buƙatar jiki, likita kan umarce shi ya kwanta ya huta. Yanzu lamarin ya sauya. Majinyacin da ciwonsa ya lafa ana ba shi shawarar tafiya da ƙafa ko tuƙa keken atisaye bisa tsarin likita. Batun ya shafi Najeriya kai tsaye, inda hawan jini ke kan gaba wajen haddasa gazawar zuciya. Sai dai ta yaya za a gane cewa atisayen yana aiki?

Likitoci kan duba wasu sinadarai a cikin jini. Akwai BNP da ɗan'uwansa NT-proBNP, waɗanda zuciya ke saki idan bangonta ya takura saboda cunkoson jini; yawansu alama ce ta wahalar da take sha. Akwai kuma troponin, wanda ke tsiyayowa cikin jini idan tsokar zuciya ta samu rauni. Mutum zai zaci cewa duk abin da ya amfani majinyaci tilas ya sauko da su.

An gwada wannan zato a binciken HF-ACTION, wanda ya ƙunshi majinyata 2,331 a Amurka, Kanada da Faransa, aka kuma wallafa sakamakonsa a 2009. An tsara wa rabinsu zama 36 na atisaye a gaban masu kula, daga nan su ci gaba a gida. Bayan la'akari da tsananin ciwon kowa, haɗarin mutuwa ko kwanciya a asibiti ya ragu da kimanin kashi 11 cikin 100. Amma da aka nazarci jinin 928 daga cikinsu, rahoton 2014 bai ga wani sauyi na a-zo-a-gani da atisayen ya kawo ga NT-proBNP ko troponin ba.

Wasu ƙananan bincike, da aka tattara sakamakonsu wuri guda, sun nuna BNP yana raguwa. Wani ɓangare na saɓanin mai yiwuwa daga juriya ne, domin da yawa daga mahalarta HF-ACTION ba su cika mintunan da aka ɗiba musu ba. Dalilin da ya fi ƙarfi shi ne, galibin ribar atisaye a tsokokin ƙafafu da hanyoyin jini take. Tsokar da ta horu ta fi iya cin moriyar iskar da ke isa gare ta, sai mutum ya hau matakala ba tare da haki ba, alhali zuciyarsa na sakin sinadarin kusan kamar da. Ga shi kuma tsufa da ciwon ƙoda suna ɗaga NT-proBNP, ƙiba tana sauke shi.

Saboda haka kuskure ne majinyaci ya daina atisaye don lambar gwajinsa ba ta motsa ba. Nisan da yake iya takawa cikin minti 6, gwajin da ba ya buƙatar tsadar ɗakin awo, ya fi bayyana ci gabansa. Abin da zai sa ya dakata ya ga likita shi ne ciwon ƙirji, jiri, haki a kwance, sabon kumburin ƙafa, ko ƙarin nauyi fiye da kilo 2 cikin kwana 3.